Su Can Ba Su Da Masu Naɗin Koyil Ne?

Ranar da na gaya wa Baba zan tafi Peru aikin sa-kai, yana zaune a shagonsa, injin ban-ruwa a tsakanin ƙafafunsa, ya farke cikinsa yana zaro ƙonanniyar waya. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce ina ne Peru, na ce Kudancin Amurka. Ya ce nawa za su biya ka, na ce ai ni ne ma zan biya. Nan ne ya ajiye filaya ya dube ni.

"To me za ka je ka yi musu?"

Na ce za mu ƙera injin da iska ke juyawa ya ba da wuta, mu kai wani ƙauye a kan dutse inda layin lantarki bai isa ba.

"Su can ba su da masu naɗin koyil ne?"

Na yi dariya na kawar da zancen, don ba ni da amsa. Baba ya fi shekara talatin yana naɗin koyil a Katsina: fanka, injin markaɗe, janareta, duk abin da ya ƙone aka kawo. Ni kuwa na yi boko, ina koyar da lantarki, na iya zana injin iska a allo har da lissafinsa, amma hannuna bai taɓa sauka a kan farfelarsa ba. Abin da na sani a zahiri bai wuce na Lambar Rimi ba, tashar wutar iskan nan mai megawat 10 da injuna 37, wadda muka yi shekara da shekaru muna hangen turakunta, aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ɗalibai sukan tambaye ni me ya hana su juyawa, in ba su amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na shiga neman inda zan koyi ƙarami, irin wanda mutum zai ƙera da kansa ya kuma iya kwancewa.

Zancen kuɗi da takardu ba zan ja shi ba. Mai aikin sa-kai shi ke biyan kuɗin shiga shirin, a ciki ake ba shi masauki da abinci, a ciki kuma ake sayen kayan injin. Na sayar da babur ɗina, na kwashi adashe, Yayana ya cika sauran yana mita. Biza ta ci kusan wata biyu, da takardar gayyata da shaidar banki da katin rigakafin shawara. Na bi ta Addis Ababa da Sao Paulo don in kauce wa Turai, inda ake neman bizar wucewa daga mai fasfon Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Daga Lima na hau motar dare zuwa arewa, kilomita wajen 560, na farka da asuba na ga abin da ban taɓa zato ba: rairayi tsagwaronsa ta hannun dama, teku ta hannun hagu, babu ko ciyawa a tsakaninsu. Garin a rubuce Trujillo, a baki Turuhiyo. Watan Agusta ne, can lokacin sanyi, hazo mai laima ya rufe sama kullum safiya.

Wurin aikin wani tsohon gareji ne. Mu shida ne baƙi: Jamusawa biyu, Bafaranshe ɗaya, wata 'yar Kanada, wani dattijo ɗan Ingila da ya yi ritaya, sai ni. 'Yan ƙasa uku ne ke riƙe da wurin, babbansu tsohon mai walda ne, kowa yana ce masa maestro, kamar yadda muke cewa oga ko maigida a gareji. Sifaniyancina bai fi na gaisuwa da cinikin burodi ba, nasa Turancin ma haka, amma mita da sifana ba sa buƙatar tafinta.

Ƙirar da muka bi ta wani ɗan Sikotland ce, Hugh Piggott, wanda tun shekarun 1970 yake zaune a Scoraig, wani tsibirin-gaɓa a arewa maso yammacin ƙasar da babu layin lantarki, babu ma titin mota da ya isa, sai jirgin ruwa ko tafiyar ƙafa. Shi da maƙwabtansa da iska suke samun wuta, don haka ya tsara injin da za a iya yi da katako, ƙarfen walda, wayar jan ƙarfe, maganaɗisu da boris ɗin tayar mota. Ƙirar ta bazu har Nikaraguwa da Mali da Nepal, kuma a 2011 masu wannan sana'a suka taru a Dakar suka kafa ƙungiyar Wind Empowerment don musayar abin da kowa ya koya.

Makon farko na katako ne. Faɗin farfelar da aka ba mu mita 2.4, fukafukai uku, kowanne mita 1.2. Aka miƙo mini falanki miƙaƙƙe marar gaɓa, da fensir, da zarto, da wata wuƙa mai mariƙi biyu da ake janta zuwa ƙirji. Sai ka raba tsawon katakon gida shida, kowane gida da faɗinsa da kaurinsa da gwargwadon karkatar da ake so. Dalilin karkatar shi ne bakin fiffike ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba. A wannan ƙirar yana ninka gudun iskar sau shida zuwa bakwai. In iska tana tafiyar mita 10 a daƙiƙa, bakin ya haura kilomita 200 a awa. Don haka gindin yake da faɗi da kauri da karkata sosai, shi ke tayar da farfela daga tsaye, bakin kuma siriri ne kusan a kwance. Fuskar da ke kallon iska a shafe take, bayan kuma a doro kamar fiffiken jirgin sama. Ashe iska ba tura farfela take yi ba yadda take banko ƙofa, zuƙarta take yi ta bayan nan mai doro. Na sha faɗar haka a aji. Sai da na kwana huɗu ina fere katako, tafin hannuna ya yi bororo, sannan maganar ta zauna mini.

Maestro ba ya fara duba aiki da ma'auni. Rufe ido yake yi, ya bi fiffiken da tafin hannu daga gindi zuwa baki, inda ya tsaya nan ne matsala. Na tuna masassaƙan turmi na garinmu, da gizago kawai suke fitar da abu daidai wa daida. Nawa na farko ya tsaya kusa da baki, ya girgiza kai: na ci katakon ya wuce kima, kuma abin da wuƙa ta ɗauke ba ya dawowa. Ya nuna mini bango, inda aka rataye ɓatattun fukafukai sun fi goma, kowanne da sunan ƙasar wanda ya ɓata shi. Na ɗauki alƙalami na rubuta Najeriya, na sake karɓar falanki.

Da muka zo naɗin koyil kuwa, sai na ji na shigo gida. Koyil tara ake buƙata, kowanne da adadin zagaye ɗaya, a kan wani ɗan abin naɗi na katako da ake juyawa da hannu. Wanda ya tsaya surutu lissafi ya ɓace masa, shi ya sa ake ɗora kowanne a sikeli, wanda nauyinsa ya bambanta a warware shi. Tun ina firamare nake riƙe wa Baba waya, na san yadda ake ja ba a saki ba, ba a kuma kankare fentin jikinta ba. Kafin Jamusawan su gama ɗaya na gama uku, a matse, kamar an fito da su daga kamfani. Har na koma ni ke gyara musu riƙo. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ana jera koyil ɗin a da'ira, a haɗa su uku-uku su ba da layi uku, kuma dole kowanne ya fuskanci ɓangare ɗaya. Ni na yi jerin, ni na yi haɗin da dalma. Ina shirin a zuba rezin, ruwan roban nan da ke daskarewa ya rufe koyil ɗin, maestro ya ce a dakata. Ya ɗauko ƙaramin batir da kamfas irin na 'yan makaranta, ya ba layi ɗaya wuta, ya riƙa ɗora kamfas a kan koyil ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka ja allurar gefe guda, na uku ya juya ta baya. Na kifa shi ban sani ba. Da an zuba rezin a haka, wutar wannan koyil ɗin za ta riƙa cinye ta ɗan'uwansa, kuma babu gyara sai a fasa a jefar da wayar mako guda. Bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini abin narka dalma. Wannan dabarar ta kamfas ita ce abu na farko da na nuna wa Baba da na dawo, ya ce shi da ƙusa yake yi.

Maganaɗisun shi ne abin tsoro. Irin na niyodimiyam ne, kowanne bai kai akwatin ashana ba, amma in biyu suka haɗu da yatsanka a tsakani sai dai asibiti. Kafin a buɗe kwalin aka ce kowa ya fitar da waya da agogo da katin banki daga ɗakin, a kwashe duk sifana da noti daga tebur. Faifan ƙarfe biyu ne, kowanne yana ɗaukar 12, ana jera su arewa, kudu, arewa, kudu. Yadda ake ganewa: ka damƙe ɗaya a hannu ka bi ta saman jerin, ka ji ja, tura, ja, tura. Dattijon nan ɗan Ingila ya yi sakaci sau ɗaya, maganaɗisu ɗaya ya yi tsalle daga hannunsa ya manne da na kusa, gefen ya fashe, farcensa ya yi baƙi har muka rabu. Ana lulluɓe su da rezin don tsatsa tana cin su da wuri. Na lura da abu ɗaya: duk kayan injin nan ana samun su a kasuwar Turuhiyo, kamar yadda za a same su a Kano, ban da wannan. Shi daga waje ake odarsa, akasari daga Sin.

Zubin rezin aikin wari ne da gaggawa. A shafe mazubin katako da kakin goge mota don kada ya manne, a shimfiɗa zaren gilashi, a dama rezin da hoda da ɗigon maganin da ke sa shi daskarewa. In maganin ya yi yawa sai ya ɗau zafi ya tsage, in ya yi kaɗan ka kwana kana jira. Washegari muka ɓamɓaro faifai mai kauri kamar babban faranti, koyil tara suna kwance a ciki kamar ƙudaje a cikin zuma. Shi ke tsayawa cak, faifan maganaɗisun biyu suna juyawa ta gabansa da bayansa. Saukar da faifai na biyu ma da dogayen noti ake yi, a hankali, zagaye-zagaye, don in aka sake shi zai rufto ne da ƙarfin da ba mai iya tarewa.

Walda maestro bai bar wa baƙo ba, sai riƙo da goge-goge. Amma ya tsaya ya nuna mana hikimar wutsiya, wadda har yau take burge ni. Ba a ɗora janaretan a tsakiyar turke ba, an ɗan gusar da shi gefe, wutsiyar kuma tana rataye a kan maƙalar da aka karkatar. In iska ta yi daidai, nauyin wutsiya yana riƙe farfela ta fuskance ta. In ta yi hauka, sai ta ture farfelar gefe, wutsiya ta naɗe ta ɗaga sama, injin ya ba iska kafaɗa. Ta lafa, nauyi ya dawo da komai wurinsa. Babu kwamfuta, babu na'ura, nauyin ƙarfe ne kawai da lissafi. Ranar gwaji muka juya shi da hannu, mita ta motsa, muka yi ihu kamar yara. Sai maestro ya haɗe wayoyin uku wuri ɗaya ya ce in sake juyawa. Ya yi tauri kamar tuƙin tuwon gidan biki. Wannan shi ne birkinsa.

Wata Lahadi muka je Chan Chan, a bakin garin, babban birnin mutanen Chimu kafin Inka su ci su da yaƙi wajen 1470. Birni ne na tubalin laka, mafi girma irinsa a nahiyar. Sauran baƙin suna ta mamaki wai an gina birni da ƙasa. Ni kuwa ma'aikatan da na gani suna yaɓe a gindin wani bango na tsaya kallo, kamar ina unguwarmu ana gyaran katanga kafin damina.

Mako na huɗu muka ɗaure kaya muka hau dutse. Awa shida zuwa bakwai zuwa Kahamarka, mai tsayin mita 2,750 daga teku, garin da Pizarro, jagoran mayaƙan Sifen, ya kama sarkin Inka Atahualpa a 1532. Daga nan a bayan akori-kura, a kan hanyar burji mai lanƙwasa, har wajen mita 3,500. Kaina ya riƙa sarawa, numfashi ya ƙi cika ƙirji. Suna da suna ga wannan ciwon, soroche, maganinsu kuma shayin ganyen koka, wanda a can halal ɗin doka ne, a kowane shago ana sayarwa. Na yi jim kafin in karɓa, daga baya na sha.

A hanya ne muka wuce wani ƙauye mai turaku uku. Ɗaya yana juyawa. Ɗaya fiffikensa guda ya karye, ya sunkuyar da kai. Na ukun an ɗaure farfelarsa da igiya. Direban ya ce wasu baƙi ne suka kafa su shekarun baya, aka yi biki, aka yanka dabba, aka ɗauki hotuna. Da batir ya mutu babu kuɗin sabo, da boris ya fara kuka babu wanda ya san yadda ake kwantar da turken, na'urar jan turken ma da ita baƙin suka tafi. Motar ta yi tsit. Ni dai Lambar Rimi ce ta faɗo mini, ga ta a ƙaramin sigarta a wata nahiya.

Ƙauyen da muka sauka na makiyaya ne da manoman dankali, maza da mata da dogayen malafuna na kaba. Ba a taɓa kaya ba sai da aka yi taro, kuma masu kiran taron su ne 'yan ronda, 'yan sintirin ƙauye. Wannan tsari a yankin Kahamarka aka fara shi, a lardin Chota a 1976, saboda ɓarayin shanu, daga baya ya zama su ke sasanci da tsara aikin gari. Da aka fassara mini, na ce wa maestro mutumin Katsina ba ya buƙatar a yi masa bayanin satar shanu. A taron aka maimaita abin da aka riga aka amince tun kafin a san da zuwanmu: injin na makaranta ne, za a riƙa cajin waya da fitila a biya ɗan abu, kuɗin ya tafi asusun batir, wata mata mai sayar da madara ita ce ma'aji, wani saurayi mai gyaran babur da rediyo shi ne mai kula.

Tun shekara guda kafin nan akwai ma'aunin iska a kan tudun, kuma nan ne lissafin allo ya yi mini rana. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninki takwas yake yi. Don haka tazarar 'yan mitoci tsakanin bayan aji da ƙoƙon tudu ita ce tazarar inji mai amfani da abin ado. Kuma babu farfelar da za ta kwashe fiye da kashi 59 cikin 100 na wannan ƙarfin, iyakar da Bajamushe Albert Betz ya lissafa; irin tamu ta katako ba ta ma kusanci nan. Ga wani cikas na kan dutse: iskar can ba ta da nauyi, ta gaza ta bakin teku da kusan kashi 30 cikin 100, wutar ma haka za ta ragu. Abin da ya rage mini numfashi shi ne zai rage wa injin ƙarfi.

Aikin kafawa gayya aka yi, su suna ce mata minga. Ramuka huɗu na ɗaure igiyoyin ƙarfe, ɗaya na gindin turke, siminti da yashi a bayan dawaki, da sandar jan ƙarfe da aka binne saboda tsawa. Na ɗauki buhun siminti don in nuna ni ma ɗan gida ne, taku ashirin na zube ina haki. Wata tsohuwa ta wuce ni da kaya a goye, tana tafe tana kaɗin ulu da mazari, ta ce mini wani abu da ya sa kowa dariya. Ba a fassara mini ba, ban kuma nema ba. Da rana aka kawo mana gasasshen kuyi, wata dabba kamar ɓeran masar, wadda sai babban baƙo ake yi wa. Na yi bayani da hannu da ƙafa cewa ba raini ba ne, yanka ne matsalar. Washegari ma'ajin ta miƙo mini kaza da ranta da wuƙa. Alwalar asuba da ruwan wurin kuwa, Allah dai ya ba da lada.

Turken bututun ƙarfe ne mai mita 12, da maƙala a gindi. A kwance ake ɗora masa inji, sannan a ja shi ya miƙe ta hanyar wani guntun bututu da ke tsaye a gindinsa, da na'urar ja ta hannu, mutum biyu suna lura da igiyoyin gefe kada ya karkace. Muka ja, ya tashi a hankali, aka ɗaure, aka saki birki. Farfela ta yi jim, ta motsa, sannan ta kama gudu da wani sauti kamar ana kaɗa bulala a nesa. Yara suka ruga aji don su ga ƙwan fitila.

Ana cikin tafi maestro ya ce a sa birki, a kwantar da shi.

Bafaranshen ya fusata, rana tana faɗuwa, yana son hoto. Maestro ya ce mu baƙi shida mu koma gefe, kowa ya sa hannu a aljihu. Saurayin nan da ma'ajin da mutum huɗu na gari su ne za su sauke shi su sake tayarwa. Karo na farko igiyar gefe ta saki, turken ya yi lilo, cikina ya ɗuri ruwa, na yunƙura zan kama, ya harare ni na koma. Suka gyara da kansu. Sau uku suka yi, har duhu. Kashegari ma bai bar mu mun taɓa komai ba: saurayin ne ya kwance farfela, ya sa giris a boris, ya duba tazarar faifai, ya gwada rektifaya, na'urar da ke mai da wutar ta dace da batir, da mita, ya nuna inda rarar wuta ke tafiya in batir ya cika. Wannan wurin yana da muhimmanci, don injin iska ba kamar sola ba ne da za ka cire waya ka huta. In ka raba shi da kaya alhali iska na kaɗawa, gudu zai yi har ya tarwatsa kansa. Dole rarar ta bi ta wata waya mai ɗaukar zafi, wadda a ajin nan mai sanyi ta zama abin jin ɗumi. Na'urar ja da akwatin sifana da ragowar boris biyu, a hannun ma'aji aka bar su, aka rubuta a littafi.

Daren ƙarshe muna zaune a ajin, ƙarƙashin fitilar da muka kawo, 'yar Kanadan ta ɗauko biro ta haɗa kuɗin jirginmu mu shida. Ta ce da an aiko da kuɗin kawai, da kowane gida a ƙauyen ya sami farantin sola. Ba ta yi ƙarya ba. Farashin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ba shi da abin da ke juyawa balle ya ci boris, kuma a wurare da yawa shi ne zaɓin mai hankali. Abin da iska ta fi shi da shi, tana aiki da dare da lokacin hazo, kuma in ta lalace maƙerin gari yana iya gyarawa, kuɗin ya tsaya a gari.

Nan na samu zarafi na yi wa maestro tambayar Baba, aka fassara masa. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce masu naɗin koyil ai kowace kasuwa akwai su. Shi da yaransa biyu, abin da muka yi mako uku muna yi, mako ɗaya ya ishe su, ba kuma za a ƙara wa bango ɓataccen fiffike ba. Kuɗinmu ne ya sayi maganaɗisu da batir da man motar da zai dawo duba injin bayan wata shida. Hannunmu kuwa rage masa sauri yake yi. Ya faɗe shi ba da zafi ba, kamar mai gaya maka farashin kaya. Ban ji daɗi ba a lokacin. Amma gara haka da a ce mini na ceci wani. Makaranta na je na biya kuɗinta, kuɗin makarantar ne ya kunna fitila, kuma ina ganin duk mai shirin irin wannan tafiya ya kamata ya san haka tun kafin ya sayar da babur ɗinsa. Ya kuma tambayi masu shirin abu biyu: injunan da suka kafa shekara biyar baya nawa ne ke juyawa yau, kuma a hannun wa na'urar ja take.

Da na dawo ban fara sassaƙa ba, duk da ɗalibai sun matsa. Ma'aunin iska na ɗaura a kan tankin ruwa, don iskar hunturu da guguwar farkon damina suna ruɗin mutum ya zaci haka take duk shekara. Sai na cika wata goma sha biyu ina rubutawa kafin in yanke ko wurin ya cancanci farfela.

Wajen wata bakwai da dawowata, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp da tsakar dare, don suna bayanmu da awa shida. Saurayin nan ne, ya turo bidiyon injin yana juyawa da wani gurnani a ciki. Da safe na kai wa Baba shago. Ya karɓi wayar, bai kalli hoton ba, ya kara ta a kunne, ya sa na maimaita sau biyu.

"Boris ne. Ka ce masa kada ya bari ya kwana a haka, zai ci faifan."

Na zauna ina haɗa Sifaniyanci kalma-kalma, kafin in gama wani saƙon ya shigo. Hoto ne: turken a kwance a kan ciyawa, ma'ajin tana riƙe da igiya, tsohon boris a tafin hannun yaron, baƙi ƙirin. Na nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, ya matso da wayar kusa da ido.

"Tambaye shi nawa suke sayen irin wannan a can."